Kurmin da Ya Zama Kango: Yadda Daji Ke Mutuwa Bishiyoyinsa na Tsaye

Duk shekara, da zarar masana sun gama tace hotunan da taurarin ɗan adam suka ɗauko daga sama, sai a fito da lissafin kurmin da duniya ta yi asara. Na shekarar 2024 ya tayar da hankali ƙwarai. Hekta miliyan 6.7 na tsohon kurmi ya salwanta a yankunan zafi na duniya, kuma gobara ce ta ci kusan rabinsa. A shekarar da ta gabace ta, hekta miliyan 3.7 ne. Da waɗannan alƙaluma ake yaba wa gwamnati ko a zarge ta, da su kuma ake neman tallafi.

Lissafin na da amfani, ba na ja. Sai dai abu ɗaya tak tauraro ke iya gani, shi ne ganye. In ya hango kore sai ya rubuta cewa daji na nan. Ba ya jin ko birai na kuka da asuba a ƙarƙashin koren nan, ba ya ganin ko akwai sawun giwa a bakin rafi. A 1992 wani masanin namun daji ɗan Amurka, Kent Redford, ya ankarar da abokan aikinsa cewa akwai dazuzzuka da yawa da bishiyoyinsu ke tsaye lafiya lau, amma an kwashe manyan dabbobin ciki kaf. Ya kira irin wannan wuri fankon daji. Ni kango nake ce masa. Kango ma daga nesa gida ne, bango na tsaye, sai ka yi sallama ka ji shiru. Gidan da ba kowa kuwa ba rana ɗaya yake faɗuwa ba, amma tun ranar da aka fita ya fara zubewa.

Ba za a gane yadda rashin dabba ke kashe bishiya ba sai an san yadda kurmi ke riƙe da kansa.

Kurmin da ake magana shi ne wanda ya yi wa tsakiyar duniya ɗamara, inda ruwan sama kan kai milimita 2,000 ko fiye a shekara, kuma ba a san dogon rani ba. Manyansa uku ne: Amazon a Kudancin Amurka, wanda kusan kashi 60 cikin 100 nasa ke Birazil, sai kwarin kogin Kongo, sai tsibiran kudu maso gabashin Asiya har zuwa Niyu Gini. In an haɗa su gaba ɗaya ba su kai kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma ƙiyasi ya nuna fiye da rabin nau'o'in halittun tudu a cikinsu suke. A gandun Yasuni na ƙasar Ekwado, hekta ɗaya, filin da bai kai filin ƙwallo biyu ba, yana ɗauke da nau'in bishiya sama da 600. Masanin tururuwa Edward Wilson ya taɓa ƙirga nau'in tururuwa 43 daga bishiya guda a yankin Tambopata na Peru, kusan yawan da ke tsibiran Birtaniya baki ɗaya.

Wanda ya ga irin wannan cunkoso zai rantse ƙasar wurin ta fi kowace ƙasa albarka. Kallon kitse ne yake yi wa rogo. Ruwan miliyoyin shekaru ya riga ya wanke akasarin abincin shuka daga ƙasar. Dukiyar kurmi a jikin bishiyoyin take, da ganyen da ke zuba daga kansu. Ganye na faɗowa, gara da tsutsotsi da funfuna sun dirar masa, cikin makonni ko 'yan watanni ya narke, saiwoyin da ke shimfiɗe a saman ƙasa sun zuƙe abin kafin ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa wanda ya sare kurmi ya ƙona kan ci albarkacin toka shekara biyu ko uku, sai gona ta gaji. Ɗan abin da ruwa ke kwashewa kuma, akwai mai mayar da wani ɓangare nasa daga inda ba a zato: ƙurar Sahara, da iska ke ɗauka ta haye tekun Atlantika da ita. Wani bincike da aka yi da tauraron hukumar NASA ya ƙiyasta cewa ƙura kusan tan miliyan 28 ke sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da sinadarin fosforas, wanda abincin shuka ne, wajen tan 22,000. Ruwan saman ma, wani kaso mai yawa nasa, tsakanin sulusi da rabi, gumin bishiyoyin ne da kansu ke tashi ya zama girgije ya sake saukowa.

To, me ya hana bishiya ɗaya mai ƙarfi ta mamaye wurin ta kori saura, kamar yadda ake gani a dazuzzukan ƙasashen sanyi, inda za ka yi tafiyar yini kana ganin nau'i biyu ko uku? Masana biyu, Daniel Janzen a 1970 da Joseph Connell a 1971, kowa ta hanyarsa, sun kawo amsa mai kama hankali. Kowace bishiya na da maƙiyanta na musamman, ƙwari da cututtuka da ba sa cin kowa sai ita, kuma a gindinta suke taruwa. Irin da ya faɗi a ƙarƙashin uwarsa ya faɗa bakin kura, da wuya ya kai labari. Wanda ya yi nisa shi ke tsira. Sai ya zamana gindin kowace bishiya ya fi karɓar 'ya'yan baƙi a kan nata, kuma babu nau'in da ke samun sukunin yin zuga.

Akwai wanda ya biya kuɗi mai yawa kafin ya koyi wannan karatu. A 1927 attajirin motoci Henry Ford ya karɓi makeken fili a gaɓar kogin Tapajos na Birazil don ya noma robar tayoyinsa da kansa. Bishiyar roba 'yar asalin Amazon ce, to me zai hana? Abin da bai lura ba shi ne, a daji ɗai-ɗai take tsayawa, nan ɗaya, can da nisa ɗaya. Ma'aikatansa suka jera ta layi-layi, reshe na taɓa reshe, cutar ganye da ƙwari suka sami gada. A 1945 kamfanin ya sallama wa gwamnatin Birazil wurin da asara mai yawa. Ita wannan bishiyar kuwa tana can tana bunƙasa a jere a gonakin Maleshiya, don an kai ta can ba tare da maƙiyanta ba.

Ke nan dole iri ya bar gida in yana son rai. Wa zai ɗauke shi? A ƙarƙashin rumfar ganye iska ba ta kaɗawa sosai, hasken rana ma da ƙyar kashi 1 ko 2 cikin 100 ke isowa ƙasa. Bishiyoyin sai suka koma biyan lada. Su yi 'ya'ya masu zaƙi, dabba ta ci, ta yi gaba, ta kasayar da ƙwallon a wani wuri. Fiye da rabin nau'o'in bishiyoyin kurmi, a wasu wuraren ma har kusan kashi 90 cikin 100, da dabbobi suka dogara wajen wannan aike. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, amma mai sarƙaƙiya.

Ɗauki bishiyar nan ta Amazon da 'yan Birazil ke kira kastanya, wadda ƙwayarta ke yawo a kasuwannin duniya. Takan kai mita 50. Furenta na da murfi mai tauri, sai manyan ƙudan zuma na daji masu ƙarfin ɗaga shi ke iya shiga su yi barbara. Ɗan yakan yi fiye da shekara kafin ya nuna, ya faɗo kamar curin ƙarfe, nauyinsa ya kai kilo 2, ƙwayoyin na kulle a ciki. A duk dajin, kusan dabba ɗaya ce ke da haƙorin fasa shi, wata 'yar dabba dangin gafiya mai suna aguti. Ta ci wasu, ta binne saura don gobe, ta manta da wasu, ko damisa ta cinye ta kafin ta dawo. Waɗanda aka manta su ne bishiyoyin gobe. Dokar Birazil ta hana sare kastanya, don haka mai share daji domin kiwon shanu kan bar ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar ciyawa. An bi doka. Amma ƙudan zuman sun tafi, aguti ta tafi, wuta na bi ta gindinta duk rani. Bishiyar ta rage 'ya'ya, a hankali ta bushe a tsaye.

Ɓaure ma haka. Masu cinsa sun san dalilin da ya sa ba a tona cikinsa. 'Yan ƙwarin da ke ciki su ne masu yi masa barbara, kuma cikin nau'o'in ɓaure sama da 700 da ke duniya, kusan kowanne da nasa ƙwaron. Tun da ƙwaron ba ya daɗewa a raye, dole a kowane wata a sami wani ɓauren da ke da 'ya'ya a wani lungu na daji. Wannan ya sa ɓaure ya zama rumbun kurmi a lokacin da sauran itatuwa suka ɗauke. An lissafa tsuntsaye da dabbobi sama da nau'i 1,200 da ke cinsa.

Amma duk a masu wannan aike babu kamar giwar kurmi ta Afirka, kuma a kanta nake so in daɗe. Ba ita ce giwar fili da aka saba gani a hoto ba. Ta fi ƙanƙanta, kunnuwanta sun fi zagaye, haurenta ya fi miƙewa yana kallon ƙasa. A 2021 ne ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa ta a matsayin nau'i mai zaman kansa, a lokacin kuma ta sa ta a matakin ƙarshe kafin ƙarewa, bayan ta ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31. A gandun Minkebe na Gabon kaɗai, an yi asarar giwa kusan 25,000 tsakanin 2004 da 2014, saboda haure. Abin da ya sa wannan rami ke da wuyar cikewa shi ne jinkirin haihuwarta. Andrea Turkalo, wadda ta yi sama da shekara 20 tana lura da giwaye a farfajiyar Dzanga a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta gano cewa mace ba ta yin ɗan fari sai ta kai wajen shekara 23, sannan tsakanin haihuwa da haihuwa shekara 5 zuwa 6 ne. Cikin kansa wata 22 ne. Abin da mafarauci ya kashe da yamma ɗaya, sai an yi gomman shekaru ana jira.

Giwa na cin 'ya'yan itatuwa masu ƙwallon da ba bakin da zai iya haɗiye shi sai nata. Ta yi tafiyar kilomitoci, ta ajiye ƙwallon cikin tulin kashi, ga taki ga danshi, nesa da maƙiyan gindin uwa. A dajin Ndoki na Jamhuriyar Kongo an sami irin tsirrai sama da nau'i 90 a kashinta. A yankin Salonga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuwa, inda aka kusa ƙarar da giwaye, masu bincike sun bi bishiyoyin da suka dogara da ita, suka tarar mafi yawansu ba su da isassun 'ya'yan da za su gaje su. Iyayen na nan, ƙattai, wasu za su ƙara shekara ɗari ko fiye suna zubar da 'ya'ya a ƙasa suna ruɓewa. Duk tsawon wannan lokaci tauraro zai ci gaba da rubuta kore. Kuma da yawa cikin bishiyoyi masu manyan ƙwallaye su ne masu itace mai nauyi da suka fi adana sinadarin kabon, don haka ko wanda bai damu da giwa ba, sauyin yanayi kawai ya dame shi, asarar ta shafe shi.

Wani abin ya ƙara dagula lissafi. A gandun Lope na Gabon, inda ake rubuta yawan 'ya'yan itatuwa wata-wata tun 1986, an ga sun ragu da kashi 81 cikin 100 zuwa 2018, kuma hotuna sun nuna giwayen wurin na ramewa. Masanan na zargin ɗumamar yanayi, don wasu bishiyoyin sai dare ya yi ɗan sanyi suke fure. Ga gandu da tsaro, ba gatari, harsashi da sauƙi, amma yunwa ta shigo ta wata ƙofa.

Abin ba ya tsaya ga ƙarewar wasu bishiyoyi kawai. A kurmin gaɓar Atlantika na Birazil, wanda saura ɗan abin da bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, akwai wani dangin kwakwa da manyan tsuntsaye masu faffaɗan baki ke yaɗa irinsa. A guntayen dajin da tsuntsayen suka ɓace, ƙananan tsuntsaye ne kawai suka rage, su kuma ƙananan ƙwallaye suke iya haɗiyewa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna cikin ƙasa da shekara 100 ƙwallon bishiyar ya ƙanƙance a waɗannan wurare, ƙaramin ƙwallo kuwa ya fi saurin bushewa ya mutu.

Su wa ke kwashe dabbobin? A nan sai a yi adalci. Mutane sun yi dubban shekaru suna farauta a kurmi bai zama kango ba. Abin da ya sauya shi ne hanya, da bindiga, da tarkon waya, da kasuwar birni mai bakin da ba ya cika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kurmi kuwa hanyar mota ce. Kamfanin katako a kwarin Kongo bishiya ɗaya ko biyu yake cirewa a hekta, daga sama ba za ka ce an taɓa wurin ba. Amma ya bar hanya, kuma motar da ta fito da gungume ita ke fitowa da naman gada da na biri. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike daga sassan yankunan zafi ya nuna cewa inda ake farauta dabbobi masu shayarwa sun ragu da kashi 83 cikin 100, tsuntsaye da kashi 58, kuma ɓarnar kan kai kilomita 40 daga bakin hanya ko ƙauye. A Asiya abin ya fi muni. An ƙiyasta akwai tarko kusan miliyan 12 a gandayen Kambodiya da Laos da Biyetnam. Tarkon waya ba ya zaɓe, kuma ba ya barci. Wata dabba dangin shanu mai suna sawola, wadda masana ba su san da ita ba sai 1992, rabon da kyamara ta ɗauke ta a daji tun 2013.

In aka cire masu cin nama kuma, wata ɓarnar ce daban. A 1986 ruwan madatsar Guri a Benezuwela ya cika ya mamaye daji, kawunan tuddai suka zama tsibirai. Ƙananan tsibiran ba su isa riƙe damisa ko babbar mikiya ba. Masani John Terborgh da abokansa suka bi abin da ya biyo baya: birai masu cin ganye, da ɓeraye, da tururuwa masu yankan ganye suka ninka sau 10 zuwa 100, suka cinye ƙananan tsirrai tun kafin su tasa. Manyan bishiyoyi na mutuwa ba magaji, wurin na komawa sarƙaƙiyar ƙaya da igiyoyin daji. Birai kansu ba su ji daɗin wannan 'yanci ba, cunkoso da yunwa suka addabe su.

Ko girman daji ma magana ce. Tun 1979, a arewacin birnin Manaus na Birazil, ake gudanar da wani gwaji da masani Thomas Lovejoy ya assasa, inda aka bar guntayen kurmi masu hekta 1, da 10, da 100 a tsakiyar filayen kiwo, ana kallon abin da zai same su. Iska mai zafi na shiga ta gefe, manyan bishiyoyi na faɗuwa har mita 300 daga baki. Kwarkwasar daji, mai fita yaƙi runduna-runduna, ta rasa isasshen fili ta ɓace, sai tsuntsayen da ke bin bayanta suna cafke ƙwarin da ta koro su ma suka ɓace. Aladun daji suka tafi, ramukan da suke birgima a ciki suka bushe, kwaɗin da ke ƙwai a ramukan suka bi su. Wasu tsuntsayen ƙarƙashin rumfa ba sa yarda su tsallaka ko faɗin hanyar mota. A wurinsu hanya teku ce.

To, me ake yi, kuma me ya yi aiki?

Ta fuskar hana sara, Birazil ta nuna abin na yiwuwa. A 2004 an share kusan murabba'in kilomita 27,800 na Amazon ɗinta. Zuwa 2012 ya sauko wajen 4,600, alhali noman waken suya da kiwon shanu na ƙaruwa. Ba tsafi aka yi ba. Tauraro na ba da rahoto da wuri, jami'ai na dira a wurin, an toshe wa masu laifi bashin banki, manyan 'yan kasuwa kuma suka amince a 2006 ba za su sayi waken da aka noma a sabon sara ba. Da aka sassauta, ya haura 13,000 a 2021. Da aka sake ɗaure ɗamara, ya dawo wajen 6,300 a 2024. Hawa da saukar nan na bin siyasa ne sau da ƙafa. Sanadin saran kuma ba ɗaya ba ne ko'ina: a Amazon akasari filin kiwo ne, a Indunusiya da Maleshiya gonakin kwakwar manja da na itacen takarda, a kwarin Kongo kuwa ƙananan manoma da masu gawayi ne, waɗanda ba su da wata madafa. Mai ba da magani ɗaya ga cutar nan uku bai duba majinyaci ba.

Tsare dabbobi ya fi hana sara wuya, don mafarauci ba ya barin tabon da za a gani daga sama. Hanyar da aka gada daga zamanin mulkin mallaka ita ce a shata iyaka, a fitar da mutane, a sa masu bindiga. Gandun Birunga na gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wanda aka kafa a 1925, ya rasa masu gadi sama da 200 a bakin aiki, kuma ba wanda zai raina wannan sadaukarwa. Goggon birin tsaunuka da ke wannan yanki, wanda aka taɓa fidda rai da shi, yanzu ya haura 1,000. Amma a gandun Kahuzi-Biega na wannan ƙasa, a shekarun 1970, an kori dubban 'yan ƙabilar Batwa daga dajin kakanninsu ba tare da an ba su wata ƙasa ba, jikokinsu na nan a gefen gandu cikin talauci. A ganina wannan zalunci ne, kuma wauta ce ko ta fuskar kare dajin. Wanda ya fi kowa sanin sawun dabba ka mayar da shi maƙiyi, sannan ka ɗauko baƙo ka ba shi gadi. Haure na tafiya ƙetare, katako na tafiya ƙetare, wanda ake kamawa shi ne mai tarko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alƙaluma ma sun goyi bayan masu wurin. A Birazil, tsakanin 1990 da 2020, filayen da doka ta amince na 'yan asalin ƙasa ne sun rasa kashi 1 cikin 100 na tsirransu, filaye masu zaman kansu kuwa wajen kashi 20. A yankin Peten na Gwatamala, dazuzzukan da aka damƙa wa al'ummomi su sare katako bisa ƙa'ida sun fi wasu gandayen gwamnati da ke maƙwabtaka da su tsira daga wuta da sara. Ba wai mazauna daji waliyyai ba ne. In bindiga da kasuwa suka iso, su ma suna iya ƙarar da nama. Bambancin shi ne mai tabbacin cewa wurin nasa ne, kuma ɗansa zai gada, yana da dalilin korar ɓarawo.

Kuɗi kuwa, alkawari ya fi cikawa yawa. A 2007 shugaban Ekwado Rafael Correa ya ce ƙasarsa za ta bar man fetur ɗin da ke ƙarƙashin wani sashe na Yasuni in duniya ta biya dala biliyan 3.6, rabin abin da man zai kawo. Bayan shekara 6 abin da ya shigo hannu bai wuce dala miliyan 13 ba, ya janye tayin, aka fara haƙa. A 2023 'yan ƙasar da kansu suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 59 cikin 100 suka ce a dakatar. A Disamban 2022 kuma ƙasashen duniya sun amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Buri ne mai kyau, amma da taswira ake auna shi, gandu a takarda kuwa ba ya hana tarko. Gwara a riƙa haɗawa da ƙidayar abin da ke numfashi a ciki, kuma kayan aikin sun samu: kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, na'urorin naɗar kukan daji, da gwajin ƙwayoyin halitta. Da kashin giwa aka yi wa Gabon ƙidaya, aka ƙiyasta tana da giwayen kurmi wajen 95,000, mafi yawa a duniya.

Dashen bishiya fa? Yana da kyau a inda ya dace, amma jeren nau'i ɗaya gona ce, ko da ta yi kore shar. Kurmin da aka bari ya farfaɗo da kansa yana saurin ban mamaki a wasu fannoni, ƙarfin ƙasarsa kan dawo cikin shekara 10. Komawar ainihin nau'o'in da ke wurin a da kuwa sai an haura ƙarni, shi ma in akwai tsohon daji kusa da masu ɗauko iri daga cikinsa.

A tsakiyar birnin Riyo da Janairo na Birazil akwai dajin Tijuka. Gonakin kofi ne suka cinye tsaunukan, ruwan shan birni ya yi ƙaranci, sai a 1861 sarki Pedro na Biyu ya ba da umarnin a sake dasa su. Aka dasa wajen bishiya 100,000, akasarin aikin farko bayi ne suka yi shi. Daji ya tashi, ya yi kyau, 'yan yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto. Amma shekara da shekaru babu manyan dabbobi a ciki. Akwai wata bishiya a wurin da ake kira bishiyar aguti, 'ya'yanta na zuba suna ruɓewa, don mai sunan ba ta nan. Daga 2010 masana suka fara sako aguti a dajin, a 2015 suka kawo birai masu ruri. Buzuzu ya dawo kan kashin biran yana mirginawa yana binnewa da irin da ke ciki. Masanan suka ɗaura zare a jikin ƙwallayen bishiyar aguti don su ga inda za su. A sashen da babu dabbar, suna nan inda aka ajiye su. A sashen da take, sai suka riƙa bin zare suna tarar da ƙarshensa a cikin ƙasa.